Sunan 'Yar Fari

Ranar kasuwar Ɗambatta aka ƙulla cinikin, da hantsi, a kan bencin mai shayi. Malam Hashimu ne da wani saurayi wai shi Abdulbasit.

Malam Hashimu dillalin wake ne a Dawanau. Shekara talatin da ɗoriya yana tsaye tsakanin mai kaya da mai saye, ya san ƙarya tun tana cikin baki ba ta fito ba. Shi kuwa Abdulbasit ɗan birni ne, mai shafi a soshiyal midiya, irin samarin nan da ke bin duk gidan da abu ya faru da waya a kan sanda da 'yar makirfo mai gashi kamar jelar zomo.

"Minti goma, Baba," in ji Abdulbasit.

"Uku."

"Haba Baba! Uku ai sallama ce da gaisuwa."

"To biyar. Kuma ba fuska. Matar aure ce."

"Baba, in ba fuska ba wanda zai tsaya. Wucewa za su yi da yatsa, kamar ba a yi ba."

Malam Hashimu ya kurɓi shayi, ya yi shirun nan da yake yi wa masu kaya in yana so su matsu. Sannan ya ajiye kofi.

"Na ba ka fuska, da hijabinta. Amma a zaurena za a yi, kuma ina zaune. Daga tambayar farko har ta ƙarshe ina nan."

"Wannan ai ba komai."

"Kai kuma ka yi ta buga maganar har ranar Litinin ta sama. Kowa ya ji cewa akwai shari'a, kuma ana kallo."

"An gama, Baba."

Abdulbasit ya sa hannu a aljihu wai zai ba da na goro. Malam Hashimu ya harare shi har ya zare hannun. Suka tafa, dattijon ya tashi yana ganin ya ba da kaɗan ya karɓi da yawa.

Abin da ake cinikin a kansa ba na dariya ba ne. Huseina, 'yar Malam Hashimu, tana aure a Kukar Auta, ƙauyen da ke jikin nasu, gona biyu tsakani. Bara da kaka aka aiki 'yarta ta fari, Tahira, mai shekara shida, ta kai wa ubanta fura a gona. Ba ta isa ba, ba ta dawo ba. Kwana uku aka same ta a wata tsohuwar rijiya a bayan gari. Mutum ɗaya ne tak ya ga wanda ya ɗauke ta, ita ce uwar. Tana shanyar barkono a jikin danga ta hangi Basiru ɗan acaba ya tsaya, ya ɗora yarinyar a gaban babur. Ta ɗauka rage mata hanya zai yi, tunda ɗan gari ne, kowa ya san shi.

Basiru yana gidan yari yana musu. Amma kawunsa mai hali ne, ya ɗauko masa lauya daga birni. Sau biyu aka sa rana, sau biyu aka ɗage. Yanzu an sa Litinin ta sama, ranar da Huseina za ta tsaya gaban alƙali ta faɗi abin da ta gani. In ranar ta wuce kuwa, kotu za ta tafi hutu, sai bayan an yanke gero. Abin da ke hana Malam Hashimu sukuni ke nan. A Dawanau ya ji ana cewa shari'ar da ta shiga waya ba a iya danne ta, shi ya sa ya nemo Abdulbasit da kansa. Da ya gaya wa Ja'afaru, mijin Huseina, sai surukin ya sunkuyar da kai ya ce duk yadda Baba ya gani.

Washegari aka shimfiɗa tabarma a zaure. Huseina, wadda ke gidan iyayenta tun bayan rasuwar, ta fito ta zauna ta takure. Malam Hashimu ya zauna a gefe a kan buzunsa, ya miƙe ƙafa ɗaya saboda ciwon gwiwa. Abdulbasit ya kafa sandarsa.

"Hajiya, sannu da haƙuri. Da farko, mene ne sunan marigayiyar?"

Huseina ta dubi tabarma.

"Yarinyar," ta ce, ta yi shiru.

"Eh, sunanta nake so masu kallo su ji."

Ta saci kallon gefen da ubanta yake, ta mai da kai ƙasa.

"Hajiya, sunan 'yarki."

Shiru.

"Tahira ne," in ji Malam Hashimu. "Wuce gaba."

"To, yaya kika ji da aka kawo miki labari?"

"Allah ya karɓi abinsa."

"Ba ki yi kuka ba?"

"Inna ce ta sha kuka. Ita ta goye ta."

Daga nan aka zo kan Basiru, sai bakinta ya buɗe. Ta faɗi launin babur, ta faɗi hular da ke kansa, ta faɗi cewa inuwar dangar ba ta kai bakin kwata ba tukuna, wato hantsi bai gama ba. Tsaf, babu gargada. Malam Hashimu yana duba agogo, biyar na cika ya ɗaga hannu. Ya raka baƙo har bakin hanya yana jin daɗi.

Kwana biyu bayan haka yana rumfarsu a Dawanau, shi da abokin dillancinsa Fatihu, sai ga Alhaji Abdulkabir, wani mai sayen wake daga Zariya. Aka soki buhu, ya murza waken a tafin hannu, ya tauna ƙwaya ɗaya. Maimakon ya taya, sai ya zaro waya.

"Malam Hashimu, kai da kake wajen Ɗambatta, ka ga matar nan kuwa?"

"Wace mata?"

"Wadda ta sa aka kashe 'yarta mana."

Fatihu ya yi tari. Alhaji bai kula ba, ya matso da waya. Ga Huseina nan. An yanke maganar Basiru gaba ɗaya, an yanke muryar da ta ce Tahira ne. Abin da ya rage, tambaya uku da shiru uku, an sa wani kiɗa mai sanyi a ƙasa.

"Ka gani? Sau uku ana tambayarta sunan 'yar cikinta. Ko ɗigon hawaye babu. Akwai wata a Abuja da ta karanci motsin jiki a Turai, ta yi bayani na kusan awa ɗaya. Ta ce ƙiftawar idonta ta mai laifi ce."

"Alhaji," in ji Fatihu, "waken nan fa mai kyau ne, ka duba."

"Tsaya tukuna. Kalli nan, wa take kallo a gefe? Akwai wanda ke juya ta. Ga ƙafarsa ma."

An zana jan zobe a kusurwar hoton, da kibiya. A cikin zoben, ƙafa ce, babban yatsa da tsagaggen farce.

"Wasu sun ce boka ne, wasu sun ce ɗan siyasa. Ni dai na ce boka. Dubi farcen nan don Allah. Wannan ƙafar mutumin kirki ce?"

Malam Hashimu ya ja ƙafarsa a hankali ya cusa ƙarƙashin riga.

"Kuma wani da ya san garin ya ce an yi sabon rufin kwano a gidanta. Daga ina?"

Iska ce ta yaye rufin a ruwan farko, Ja'afaru ya sayar da tunkiya ya gyara. Malam Hashimu ya buɗe baki zai faɗa, sai ya ga tsawon bayanin, da yawan mutanen da zai bi ɗaya bayan ɗaya ya yi musu shi. Ya miƙe ya bar Fatihu da cinikin.

A wani shagon cajin waya a cikin birni ya samu Abdulbasit.

"Kai, ina maganar Basiru? Ina babur, ina hula?"

"Yana nan, Baba, kashi na biyu ne. Na sa shi jiya."

"To me ya sa ba shi ake nuna mini ba?"

"Mutane ba su kalle shi sosai ba. Na farkon ne ya tashi."

"Sauke shi."

"Ko na sauke, Baba, ya riga ya fita. Shafi sama da ɗari sun ɗauka. Kuma wallahi ni ban ce ta yi komai ba. Tambaya kawai na rubuta a sama."

"Wace tambaya?"

"Na ce, me ya hana ta faɗin sunan?"

"Kai ɗan gidan uban wane ne da ba ka san me ya hana ta ba? 'Yar fari ce! Kai uwarka tana kiran sunan yayanku?"

"Ni ne na fari, Baba. Basit take ce mini. Wani lokaci ma Bebi."

Malam Hashimu ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Amma akwai gyara," in ji Abdulbasit, ya rage murya. "Mu sake wani. Ta riƙe hoton yarinyar, ta kira sunanta, ta ɗan yi kuka. Kafin la'asar duk waɗanda suka zage ta za su dawo suna ba ta haƙuri. Haka abin yake. Ni na san mutanena."

Abin takaicin shi ne, a mota kan hanyar gida Malam Hashimu ya yi ta juya maganar, har ya ga kamar akwai hankali a cikinta. Daga bayansa wasu 'yan mata biyu suna saurarar wani malami a waya yana magana a kan Huseina, yana cewa shi bai yanke hukunci ba, Allah ya sani, amma uwa uwa ce, kuma akwai alamomi guda bakwai. Kafin a kai Ɗambatta malamin ya kai alama ta biyar.

Ya tarar da matarsa Aina'u a tsakar gida tana ɓarar gyaɗar iri. Ya ja kujera ya zauna, ya kawo maganar sake ɗauka. Ba ta ɗaga kai ba.

"Malam, babbar yarinyar nan tamu, shekararta nawa?"

Rahmatu take nufi, 'yarsu ta fari, wadda yanzu har ta aurar da 'ya.

"Arba'in da wani abu."

"Ka taɓa jin sunanta a bakina?"

"Wannan ai daban."

"Da ta yi ƙyanda tana shekara uku, har aka fid da rai, Babana marigayi ya zo dubiya. Ka ga na yi kuka a gabansa? Bayan rumbu na je na cusa zani a baki. Kai ka fi kowa sani, kai ka same ni a can."

Ta watsa gyaɗa a ƙwarya, ta ci gaba.

"Sannan ka ɗauko mai waya, ka kawo shi zaure, ka je ka dasa kanka a gabanta kamar turke. Da wane bakin za ta kira sunan? Da wane idon za ta yi kukan, uban da ya haife ta yana zaune yana duba agogo?"

"Don in tsare ta na zauna! Ka bar matar aure da baƙon namiji?"

"Ni ina ina? Na mutu ne? Ko a gabana da kunya, amma ba kamar kai ba. Kana fita Dawanau take farawa, Malam. Sai ta ji gyaran muryarka a zaure take wanke fuska. Wata tara ke nan. Kai kaɗai ne a gidan nan ba ka taɓa ganin hawayenta ba, kai da mutanen waya."

Malam Hashimu ya ɗauki ɓawon gyaɗa ya murƙushe. Shi da ya tashi a cikin abin nan, shi da har yau in zai yi zancen Rahmatu sai ya ce "ta gidan Malam Yahya", wato mijinta. Ya yi cinikin minti, ya yi cinikin fuska, ya yi cinikin wuri, bai tuna da wannan ba ko sau ɗaya.

"To yanzu ai sai in fita," ya ce. "A sake, ba na nan."

Daga cikin ɗaki, ta bayan labule, muryar Huseina ta fito.

"Baba, ka yi haƙuri. In na yi kukan yanzu, cewa za su yi koya mini aka yi."

Ta ci gaba daga bayan labulen.

"Yayar Ja'afaru ta aiko da murya daga Legas. Ta ce ita ba ta zarge ni ba, amma in rantse mata." Ta ɗan tsaya. "Baba, ranar Litinin, mutanen nan suna can?"

"Waɗanne mutane? Mutanen waya a waya suke. Wa zai bar sana'arsa ya je kotu?"

Kwanakin da suka rage, kullum da sabon zance. Aka ce an gano tana ɗauke da cikin Basiru. Aka ce ba ita ta haifi yarinyar ba. Wani ya sa hoton wata mata daban a wajen biki tana rawa, ya ce ita ce, kwana bakwai da rasuwar. Wasu suka tashi kare ta, su ma da nasu: wai aljani ne ya riƙe mata harshe, a tara mata kuɗi a kai ta ruƙiyya. Wani dattijo daga Gezawa ya yi ɗan bidiyo yana bayanin kunyar ɗan fari tiryan-tiryan, aka ce masa tsoho ya je ya kwanta, wace al'ada ce ta fi ran yarinya. Barista Asiya, lauyar gwamnati da ke riƙe da ƙarar, ta kira Malam Hashimu ta wanke shi tas. Ta ce wa ya ba shi shawarar kai babbar shaidarta gaban kyamara ana saura kwana goma? Ta ce lauyan Basiru ya riga ya sauke bidiyon, zai yi ta jan Huseina a kansa. "Amma ba komai," in ji ta, "alƙali ba a waya yake shari'a ba. Ku dai kawo mini ita ƙarfe tara. In ta tsaya ta faɗi abin da ta gani, ya ishe ni."

Litinin da sassafe suka ɗauki shatar ƙaramar mota: Huseina da Aina'u a baya, Malam Hashimu a gaba. Ja'afaru ya riga su a bas. An yi ruwa da asuba, gero ya kai gwiwa a gonakin bakin hanya, mutane sun fito noma. A hanya Malam Hashimu ya juya ya ce shi ba zai shiga ɗakin shari'ar ba, a waje zai tsaya. Huseina ta ce to.

Tun daga nesa direba ya rage gudu.

"Malam, yau akwai ɗan siyasa a kotun ne?"

Ba ɗan siyasa. Mutanen waya ne, sun bar sana'arsu sun zo. Samari da sanduna, 'yan mata da kwalaye an rubuta sunan Tahira da jan fenti, kowa yana magana da wayarsa yana nuna ƙofar kotu da yatsa. Wani ya leƙo ta taga, ya yi ihu, "Ga ta nan!" Kafin direba ya yi baya sun rufe motar.

Wata mata mai baƙin tabarau ta riƙa buga gilas da zobe.

"Ki faɗi sunanta! In kina da gaskiya ki faɗi sunanta!"

Sauran suka ɗauka kamar waƙa. Huseina ta ja hijabi ta rufe fuska, ta kife kai a cinyar uwarta. 'Yan sanda biyu suka zo suna ture mutane, aka samu motar ta shige harabar, amma wayoyin suna nan a saman katanga, ta tsakanin ƙarafan ƙofa, ko'ina.

Malam Hashimu ya fito, ya nufi ƙofar, rawaninsa ya karkace.

"'Yar fari ce! 'Yar fari! Ba ku da iyaye ne? Ku je ku tambayi kakanninku! Ba ku da iyaye ne?"

Duk wayoyin suka juyo kansa. Wani ya ce, "Baba, ɗan ƙara faɗa, ban kama farkon ba."

Barista Asiya ta fito da baƙar rigarta a hannu, ta buɗe ƙofar motar ta durƙusa.

"Huseina, taku ashirin ne. Ni zan riƙe ki. Ciki ba mai waya ko ɗaya."

Huseina ta yunƙura. Ta sa ƙafa ɗaya a ƙasa, aka sake ɗaukar ihun daga katanga. Ƙafar ta koma ciki.

"Inna, a mai da ni gida."

"Daure, 'yar nan."

"A mai da ni gida. Don Allah a mai da ni gida."

Aka yi lallashi, Ja'afaru ya zo ya yi, Aina'u ta yi, Barista ta shiga ta roƙi a ɗan jinkirta, ta fito, ta sake komawa. Ƙarfe goma sha ɗaya aka kira ƙarar. Shaida ba ta iya tsayawa. Lauyan Basiru ya miƙe ya ce shi ba shi da ja, lafiya ai ita ce gaba. Aka ɗage zuwa bayan hutu.

Kafin su kai gida labari ya riga su: ta gudu daga kotu, gaskiya ta fito.

To, ga yadda aka tashi. Abdulbasit mabiyansa sun ninka sau huɗu, yanzu har tallan turare da maganin basir ake ba shi. Matar Abuja mai karatun motsin jiki ta buɗe aji. Lauyan Basiru ya samu wata uku bai roƙa ba, ya kuma shigar da takardar neman beli, yana cewa mai ƙara ba ta da shaidar da za ta iya kawowa. Malam Hashimu ya samu suna: muryarsa tana cewa "Ba ku da iyaye ne?" ita yara ke ɗorawa a kan bidiyon akuya ta shiga kanti, har a Dawanau masu dako suna yi masa ita in ya wuce. Ja'afaru ya kai Huseina wajen gwaggonta a wani ƙauye bayan Gezawa inda sabis ba ya kamawa sai an hau tudu, ba ta zuwa suna, ba ta zuwa biki, kuma ba wanda ya isa ya ce ga abin da za ta yi in ranar ta sake zagayowa. Mutanen waya kuwa mako guda suka ƙara a kai, sai wani mawaƙi ya saki matarsa, suka koma can. Tahira, wadda aka rubuta sunanta a kwalaye, har yau ba a fara sauraron maganarta ba.